POL SABATIYE, MAI HAƊA SINADARAI

An haifi Pol Sabatiye a garin Karkason, kudancin Faransa, a shekara ta 1854. Ya yi babban karatunsa a Pari. A 1882 ya koma Tuluz, yana koyarwa a jami'a.

Akwai wata iska mai suna etilan, da wata mai suna idrojan. In an zuba su wuri ɗaya, ba su haɗuwa da kansu. A 1897 Sabatiye da abokin aikinsa Sandarans suka ɗauki garin wani ƙarfe mai suna nikal, suka ɗumama shi, suka bi da iskokin nan biyu a kansa. Nan take suka haɗu, suka zama wata iska dabam, wato etan. Shi kuwa nikal yana nan yadda yake, bai ragu ba.

Irin wannan abu shi ake kira katalizar. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwa: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, amma haja ba tasa ba ce. Sai dai shi katalizar ba ya karɓar la'ada.

Ba da jimawa ba wani Bajamushe, Norman, ya gwada dabarar a kan mai. Ruwan mai, irin su man gyaɗa, ya daskare. Da haka masana'antu suka sami hanyar yin margarin mai yawa.

A 1907 aka kira Sabatiye ya zo Pari ya riƙe babban matsayi. Ya ƙi, ya zauna a Tuluz tare da ɗalibansa. A 1912 aka ba shi kyautar Nobel, shi da Biktor Giriñar. Ya rasu a Tuluz a 1941. A da, wata jami'ar garin tana ɗauke da sunansa.

Wasu masana sun ɗora a kan aikinsa. A 1957, a Amurka, Jon Sifaya ya yi amfani da filatin, ƙarfe mai tsadar gaske, don ya manna silisiyom da idrojan a jikin dangin etilan. Silisiyom daga rairayi ake samun sa. Ɗan filatin kaɗan ya isa aiki mai yawa. Da wannan hanya ake ƙera robar silikon, wadda ake yin bututun asibiti da bakin bibiron jarirai da ita.

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin katalizar?
2. Ina bambancinsa da dillali?
3. Me Sabatiye ya yi da aka kira shi Pari?