Malam Aminu Kano: Ɗan Siyasar Da Ya Fara Da Wasan Kwaikwayo

Yau ba labarin sabon fim na kawo muku ba. Tarihin wani bawan Allah ne da kowa ya sani a siyasa, amma 'yan kaɗan ne suka san cewa tun yana ɗalibi yake shirya wasan kwaikwayo. Wannan mutum shi ne Malam Aminu Kano.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne da ya yi aiki a kotun alƙali. A gida ya fara karatun allo, daga nan ya shiga makarantar Midil ta Kano, sai kuma Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942. Ita ce kwalejin da Alhaji Shehu Shagari, ɗan ƙasarmu, shi ma ya yi.

To a wannan lokaci na ɗalibta ne, wajen 1938 zuwa 1939, ya fara rubuta wasanni da Hausa yana shirya su tare da 'yan uwansa ɗalibai. Ka duba fa, yaro ne da bai kai shekara 20 ba. Babu kyamara, babu furodusa mai zuba kuɗi. Labari ne kawai da abokan karatu da za su hau dandali.

Amma ji abin da ya zaɓa ya nuna. Wasansa mai suna Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba ya nuna yadda 'yan kasuwar birni ke damfarar mutumin ƙauye. Wani kuma, Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, ya taɓo zaluncin da ake yi wa talaka wajen karɓar haraji. A zamanin da Turawa da hukumar En'e ke riƙe da ƙasa, wallahi ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ɗalibi ya fito da wannan a bainar jama'a. Mutane su yi dariya, amma kowa ya tashi ya san da wa ake.

Da ya gama kwaleji ya koyar a Midil ta Bauchi, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. Ya tafi ƙaro ilimi Landan a 1946, daga baya aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru, wadda a lokacin tana cikin Lardin Sakkwato. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa ya shiga siyasa gaba ɗaya, daga baya ya zama jagoran NEPU, jam'iyyar talakawa. A 1979 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP. Shagari ne ya ci, amma PRP ta ɗauki gwamnonin Kano da Kaduna. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Mumbayya yanzu cibiyar bincike ce ta Jami'ar Bayero.

Abin lura, koken da ya ɗora a dandali yana ɗalibi shi ne dai ya riƙa yi a filin taro har ƙarshen rayuwarsa. Kuma ya yi wasannin nan shekara hamsin kafin Turmin Danya ya fito a 1990 ya buɗe ƙofar Kannywood.

Don haka ɗan uwa, idan kana ƙungiyar dirama a makarantarku, kada ka zauna jiran kayan aiki. Ka duba abin da ke ci wa mutanen garinku tuwo a ƙwarya, ka tara abokanka ku fara da shi. Su ma daraktocinmu na yanzu, bayan soyayya da rawa da waƙa, a riƙa tunawa da manomi da ɗan kasuwar ƙauye.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.