William Garrow: Lauyan da ya koya wa kotu titsiye masu ba da shaida

Duk wanda ya taɓa zama a zauren babbar kotu a Kano ko Kaduna ya san yadda abin yake. Lauyan gwamnati na gefe guda, lauyan wanda ake tuhuma na ɗaya gefen, kowa na ƙoƙarin rusa hujjar ɗan'uwansa, alƙali kuwa na zaune yana saurare yana rubutu.

Wannan tsari na fafatawa tsakanin ɓangarori biyu ba haka aka tarar da shi ba. A Ingila ya ginu sannu a hankali, kuma cikin mutanen da suka fi taka rawa wajen gina shi akwai wani lauya mai kaifin harshe, William Garrow, wanda ya rasu a 1840.

Tasowarsa

An haifi Garrow ranar 13 ga Afrilun 1760 a Monken Hadley, wani ƙauye a arewacin Landan. Mahaifinsa, David Garrow, limamin coci ne mai makarantarsa ta kansa, kuma a nan yaron ya yi karatu.

Yana da shekara 15 aka kai shi ofishin wani lauya mai suna Thomas Southouse a Landan domin koyon aiki. A 1778 ya shiga Lincoln's Inn, ɗaya daga cikin majalisun horar da lauyoyi, sannan ya zama cikakken lauya a Nuwamban 1783.

A shekarun karatunsa yakan shafe sa'o'i a Old Bailey, babbar kotun manyan laifuka ta Landan, yana kallon yadda shari'a ke gudana. Yakan kuma halarci zaurukan muhawara na birnin, inda ya goge wajen magana a gaban jama'a.

Kotun da ya tarar

Mutumin da aka gurfanar kan babban laifi a Ingila ta wancan zamani yana cikin tsaka mai wuya. Laifukan da hukuncinsu kisa ne sun yi ta ƙaruwa har suka haura 200 a farkon ƙarni na 19, ciki har da satar tunkiya da yankan aljihu.

Shari'a ɗaya kan ƙare cikin kamar rabin sa'a. Wanda ake tuhuma, wanda sau da yawa bai iya karatu ba kuma ya fito ne kai-tsaye daga kurkukun Newgate, shi ake sa ran ya kare kansa da bakinsa. Tunanin masu shari'a shi ne, mai gaskiya ba ya buƙatar lauya, alƙali ma zai iya kula da haƙƙinsa.

Daga wajajen 1730 alƙalai suka fara barin lauyoyi su shigo, amma da sharaɗi. Lauya zai iya yi wa shaidu tambayoyi, ya kuma yi jayayya kan doka, sai dai ba shi da damar yi wa juri jawabi, wato mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'a su yanke ko mutum ya aikata laifi.

Ga kuma matsalar tukuici. Doka ta tanadi fam 40 ga duk wanda ya sa aka kama ɗan fashi har aka same shi da laifi, kuɗin da ya fi abin da leburori da dama ke samu a shekara. Wasu suka mayar da abin sana'a. A 1754 aka bankaɗo gungun wani Stephen MacDaniel, waɗanda ke ƙulla wa bayin Allah sharri su rantse a kan ƙarya, a rataye mutum su kuma su karɓi kuɗi.

Makaminsa tambaya ce

Tun da doka ta hana shi jawabi, sai Garrow ya mayar da tambaya ta zama jawabinsa. Yakan ritsa mai ba da shaida da tambayoyi a jere: ƙarfe nawa ne, akwai hasken wata ko babu, ta yaya ya gane fuskar mutum a cikin duhu, kuma nawa zai samu idan aka rataye wanda ke tsaye a gaban kotu.

Masu farautar tukuici su suka fi shan wuya a hannunsa. Da zarar juri sun fahimci cewa shaida na da kaso a fam 40, sai maganarsa ta rage nauyi.

Bai tsaya nan ba. Yakan ƙi amincewa da shaidar ji-ta-ji-ta, yana cewa sai wanda ya gani da idonsa ya zo ya faɗa a yi masa tambaya. Ya dage cewa nauyin kawo hujja na kan mai ƙara ne, kuma ana ɗaukar mutum a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Ba shi ya ƙirƙiro wannan ƙa'ida ba, amma yana cikin waɗanda suka sa ta fara aiki a zauren kotu, ba a littafi kaɗai ba.

A cikin shekara goma ya tsaya a shari'u kusan dubu a Old Bailey, mafi yawansu yana kare waɗanda ake tuhuma. A hankali alƙali ya koma mai sa ido, lauyoyi suka karɓe ragamar gabatar da hujjoji. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin da ake bi har yau.

Ya koma ɓangaren gwamnati

A 1793 aka ba shi muƙamin Lauyan Sarki, kwatankwacin SAN a Najeriya. A shekarar ce kuma ya auri Sarah Dore, wadda suka daɗe tare har suna da 'ya'ya biyu.

Daga nan alƙiblarsa ta sauya. Juyin juya halin Faransa ya tsorata mahukuntan Birtaniya, suka shiga gurfanar da masu neman a gyara tsarin zaɓe. A shari'ar cin amanar ƙasa ta 1794, Garrow na cikin lauyoyin gwamnati da suka nemi a hukunta Thomas Hardy, wani mai ɗinkin takalma da ke jagorantar ƙungiyar masu neman sauyi. Lauya Thomas Erskine ne ya kare Hardy, juri kuma suka wanke shi. Salon da Garrow ya taimaka wajen kaifafawa shi ya kayar da ɓangarensa.

Ba duk ƙarar da ya gabatar ce ta danne talaka ba. A 1806 ya gurfanar da Thomas Picton, tsohon gwamnan Trinidad, kan ba da izinin azabtar da wata yarinya, Luisa Calderón, domin ta amsa laifin sata. Juri sun samu Picton da laifi, amma aka sake shari'ar a 1808, kuma bai taɓa fuskantar hukunci ba.

Garrow ya shiga majalisar dokoki a 1805, ya zama mataimakin Antoni Janar a 1812, ya zama Antoni Janar a 1813. A wannan kujera ya yi adawa da yunƙurin Samuel Romilly na sassauta tsauraran hukunce-hukuncen ƙasar. A 1817 ya zama alƙali, ya yi ritaya a 1832, ya rasu ranar 24 ga Satumban 1840 a kusa da Ramsgate, yana da shekara 80.

Shekara huɗu kafin rasuwarsa, a 1836, majalisa ta ba lauyoyin waɗanda ake tuhuma da manyan laifuka damar yi wa juri jawabi.

Amfani da illa

An manta da Garrow tsawon lokaci, sai da masana tarihi irin su John Beattie suka tono takardun Old Bailey. Daga 2009 zuwa 2011 BBC ta nuna wasan kwaikwayo kan rayuwarsa mai suna Garrow's Law.

Masu goyon bayan tsarin da ya bari na cewa babu abin da ke fallasa ƙarya kamar a sa mai magana ya amsa tambayar abokin hamayya. Gwamnati na da 'yan sanda da kuɗi da kurkuku, don haka dole mutum ɗaya ya samu wanda aikinsa kawai shi ne tsaya masa.

Masu suka kuwa, irin su Farfesa John Langbein na Jami'ar Yale, sun nuna illa biyu. Ta farko, burin lauya shi ne ya yi nasara, ba lallai ya fito da gaskiya ba, kuma tambayar da ke tona asirin maƙaryaci za ta iya rikita mai gaskiya, musamman yaro ko macen da aka ci zarafinta. Ta biyu, mai kuɗi ne ke ɗaukar gwanin lauya. Ko a zamanin Garrow, mafi yawan waɗanda ke tsayawa a Old Bailey ba su da lauya ko kaɗan.

Najeriya ta gaji wannan tsari daga Birtaniya. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ana ɗaukar wanda ake tuhuma marar laifi, ya ba shi damar ɗaukar lauyan da yake so, da damar yi wa shaidun mai ƙara tambayoyi. Jamhuriyar Nijar kuwa ta bi tafarkin Faransa, inda alƙali mai bincike ke tattara hujjojin da ke ɗaure mutum da waɗanda ke wanke shi kafin a shiga shari'a.

Tun 1976 Najeriya ke da hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali, amma har yanzu mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi. Garrow ya nuna abin da lauya ɗaya zai iya yi wa mutumin da ke fuskantar igiyar rataya. Tambayar da ya bari ita ce makomar wanda ba shi da kuɗin ɗaukar irinsa.