Shizo Kanakuri

Shizo Kanakuri (an haife shi ranar 20 ga Agusta 1891, ya rasu ranar 13 ga Nuwamba 1983) ɗan wasan gudun fanfalaki ne kuma malamin makaranta daga ƙasar Japan. Yana ɗaya daga cikin mutum biyu na farko da suka wakilci ƙasarsa a wasannin Olamfik. An fi tunawa da shi saboda rawar da ya taka wajen kafa Ekiden, wato tseren karɓa-karɓa na dogon zango, inda ake raba hanya zango-zango tsakanin 'yan ƙungiya ɗaya.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Kanakuri a ƙauyen Harutomi da ke lardin Kumamoto, a tsibirin Kyushu na kudancin Japan. Tun yana yaro da gudu yake zuwa makaranta ya dawo, tafiyar kimanin kilomita 12 a kullum. Daga baya ya shiga babbar kwalejin horar da malamai ta Tokyo, wadda Jigoro Kano, mutumin da ya ƙirƙiro wasan judo, yake shugabanta. A watan Nuwamba 1911 ya lashe gasar tantance 'yan wasan Olamfik a Haneda, ya gama kusan kilomita 40 cikin awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 45.

Olamfik na 1912

Shi da Yahiko Mishima suka tafi Stockholm, babban birnin Suwidin, ta jirgin ruwa da jirgin ƙasan Siberiya, tafiyar da ta ci fiye da mako biyu. An yi tseren ranar 14 ga Yuli 1912 cikin zafi mai tsanani. Daga cikin mutum 68 da suka fara, kusan rabi ba su kai ƙarshe ba, kuma ɗan ƙasar Fotugal Francisco Lázaro ya rasa ransa. Kanakuri ya galabaita bayan ya wuce rabin hanya, iyalin Petré da ke Sollentuna suka ɗauke shi suka yi jinyarsa. Ya koma gida ba tare da ya sanar da jami'an gasar ba, shi ya sa aka daɗe ana lissafa shi a Suwidin a matsayin wanda ya ɓace.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hana a yi gasar 1916. Ya zo na 16 a Antwerp a 1920, a Paris kuma a 1924 bai ƙarasa ba.

Tseren Ekiden

Abin da ya faru a Stockholm ya nuna masa cewa Japan na buƙatar hanyar horar da masu gudu da yawa a lokaci guda. Tseren ƙungiya ya dace da wannan buƙata, domin kowane ɗan wasa yana ɗauke da nauyin 'yan uwansa. Maimakon sanda, ana rataya ɗan ƙyalle mai suna tasuki a kafaɗa, a miƙa wa na gaba a ƙarshen zango.

An fara Ekiden na farko ranar 27 ga Afrilu 1917, jaridar Yomiuri ta shirya shi don bikin cika shekara 50 da mayar da babban birni Tokyo. An tashi daga gadar Sanjo a Kyoto zuwa Ueno a Tokyo, fiye da kilomita 500 a zango 23, ana gudu dare da rana ba tsayawa. Ƙungiyar gabas ta kara da ta yamma. Kanakuri ne ya yi wa gabas zangon ƙarshe, suka yi nasara cikin awa 41 da minti 44.

A watan Fabrairu 1920 ya jagoranci kafa Hakone Ekiden, daga Tokyo zuwa Hakone da dawowa. Makarantu huɗu suka shiga: Waseda, Keio, Meiji da tsohuwar kwalejinsa, wadda ta yi nasara. Da yake bayan azahar aka tashi, dare ya riski masu gudu a kan dutsen Hakone, mutanen yankin suka haska musu hanya da jiniyar wuta. Yanzu ana yin gasar a ranakun 2 da 3 ga Janairu na kowace shekara, zango 10, kilomita 217.1, kusan nisan Kano zuwa Kaduna, kuma miliyoyin mutane suna kallonta a talabijin.

Ƙarshen rayuwa

A 1947 aka fara wata gasar fanfalaki da sunansa a Kumamoto, wadda daga baya ta zama gasar Fukuoka. A watan Maris 1967, yana da shekara 75, aka gayyace shi Stockholm ya ƙarasa tseren da ya bari. Ya tsallake layin ƙarshe, aka rubuta masa shekara 54 da wata 8 da kwana 6 da awa 5 da minti 32 da daƙiƙa 20.3.

Ya rasu a garin Tamana yana da shekara 92. Tun daga 2004 ana ba ɗan wasan da ya fi fice a Hakone Ekiden kofi mai ɗauke da sunansa, sannan a 2019 tashar NHK ta nuna wasan kwaikwayo mai suna Idaten a kan rayuwarsa.