Charles de Foucauld, waliyyin da Abzinawa suka yi jinya da nonon awaki

A farkon shekarar 1908 wani Bafaranshe ya kwanta rashin lafiya a bukkarsa da ke Tamanrasset, a kudancin Aljeriya ta yau. Fari ya addabi yankin, shi kuma ya rabar da abincin da ya tanada. Abzinawan da ya zo domin ya taimaka musu su ne suka yi ta neman awaki masu sauran nono, suka shayar da shi har ya tashi. Masu nazarin rayuwarsa da dama na ganin daga nan ne ya zama maƙwabcinsu na gaske.

An haifi Charles de Foucauld a Strasbourg a 1858, ya zama maraya yana ɗan shekara shida. Ya shiga makarantar soja ta Saint-Cyr, ya bar addini, ya ɓarnatar da gadonsa wajen holewa. Tsakanin 1883 da 1884 ya ratsa Maroko cikin shigar malamin Yahudawa, kuma yadda ya ga Musulmi suna sallah ya taɓa zuciyarsa. A 1886 ya koma ga addinin Kirista a Paris.

Abin da ya fahimta da zaman tsarki shi ne koyi da shekarun da Yesu ya yi a Nazarat yana aikin hannu, ba wanda ya san da shi. Don haka ya je can ya yi wa wasu mata masu zaman ibada barantaka, kafin a naɗa shi limamin coci a 1901. A Béni Abbès ya fanshi bayi, ya kuma soki yadda hukumomin Faransa ke kau da kai daga bauta. Ya isa Tamanrasset a 1905, ya duƙufa kan harshen mutanen Ahaggar, ya tattara waƙoƙinsu, ya haɗa ƙamus mai juzu'i huɗu da har yau masana ke amfani da shi. Bai yi ta wa'azi a bainar jama'a ba, kuma ƙungiyar ibadar da ya yi burin kafawa ba ta samu mabiya ba yana raye.

Sai dai akwai gefen da ba za a ɓoye ba. Aminin Laperrine ne, hafsan da ya jagoranci mamayar Sahara, yana aika wa sojoji labarin yankin, kuma ya yarda da mulkin mallaka. Ganuwar da ya gina a Tamanrasset akwai bindigogi a ciki. A ƙofarta mahara suka ɗaure shi ranar 1 ga Disamba 1916, wani matashi da ke gadinsa ya firgita ya harbe shi. A cikin watan ne Kawusan ya yi wa Agadez ƙawanya. Masu cewa an wanke tarihinsa fiye da kima suna da hujja.

A koyarwar cocin Katolika, waliyyi ba mutum ne marar kuskure ba. Ana bincika ko ya rayu cikin bangaskiya, bege da ƙauna fiye da yadda aka saba, sannan a nemi mu'ujiza bayan rasuwarsa. Ta biyu da aka danganta masa ita ce ta wani kafinta da ya faɗo daga tsayin sama da mita 15 a Saumur a 2016, ya rayu. Paparoma Francis ya ayyana shi waliyyi ranar 15 ga Mayu 2022.