Bruce Lee da ƙarfen da ya gina shi, ya kuma kusa nakasa shi

Yau ba maganar Kannywood za mu yi ba, ba kuma sabuwar waƙa ba. Wani tsohon jarumi nake so mu tuna, wanda ya rasu tun kafin a haifi yawancinmu, amma har gobe idan yaro ya cire riga a layi ya fara tsalle yana kukan kyanwa, kowa ya san wa yake kwaikwayo. Mu a unguwarmu Burusli muke ce masa.

A gidan kallo na fara ganinsa, cikin Enter the Dragon, wurin da ya tsaya a ɗakin madubai jikinsa duk yakushi. Abin da ya tsaya min a rai ba dukan ba ne, jikin ne. Mutum siriri, amma ko'ina tsoka kamar an sassaƙa. Daga nan ni da abokaina muka samo gwangwanayen fenti biyu, muka cika su da siminti, muka soka bututun ƙarfe a tsakiya, muka ce mu ma mun zama 'yan ɗaga ƙarfe. Zan dawo kan yadda tawa ta ƙare. Bari mu fara da shi.

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba 1940 a San Francisco ta Amurka, lokacin da mahaifinsa Lee Hoi-chuen, wanda ɗan wasan daɓe ne na gargajiyar Sin, ya je yawon wasa can. A Hong Kong ya tashi. Tun yana ƙarami yake fitowa a fim, kuma kafin ya kai shekara 18 ya yi finafinai kusan 20, ciki har da The Kid na 1950. Yaro ne mai neman faɗa a titi, shi ya sa ya shiga koyon salon Wing Chun a wurin Ip Man, wannan dai Ip Man da Donnie Yen ya fito a matsayinsa. Ga masu son kiɗa kuma, ku sani cewa a 1958 shi ya ci gasar rawar cha-cha ta Hong Kong. Duk wanda ya lura da yadda yake sarrafa ƙafa a fagen faɗa zai gane cewa ɗan rawa ne.

A 1959 iyayensa suka tura shi Amurka saboda rigimarsa ta yi yawa. Ya zauna a Seattle, yana aiki a gidan abinci, ya shiga Jami'ar Washington, ya fara koyar da kung fu. Can ya haɗu da Linda Emery, suka yi aure a 1964, suka koma Oakland. Duk wannan lokacin jikinsa ba irin wanda muka sani ba ne. Tsayinsa wajen santimita 172, nauyinsa kilo 60 da 'yan kai, ga raunin gani, sai da gilashi. Yana da sauri da iya hannu, amma ba shi da ƙwanji.

Abin da ya juya shi ya faru a ƙarshen 1964 a Oakland, inda suka kara da wani malamin kung fu mai suna Wong Jack Man a cikin makarantarsa, gaban mutane kaɗan. Har yau ana gardama kan yadda aka kwashe. Linda ta ce minti uku aka yi mijinta ya yi nasara, ɓangaren Wong kuma sun ce an haura minti 20. Abin da ya dame ni a labarin ba wanda ya ci ba ne. Bruce ya fito daga faɗan yana haki, kuma wannan hakin ya ba shi haushi ƙwarai. Shekaru yana koyon dabaru, sai ga shi numfashi da ƙarfi sun kusa ba shi kunya. Da yawa daga cikin malaman kung fu na lokacin suna ganin ɗaga ƙarfe yana sandarar da jiki, yana kashe sauri. Shi sai ya ce bari ya gwada da kansa.

Ya yi sa'ar abokai. James Yimm Lee, wanda suka buɗe makaranta tare har ya zauna a gidansa, mai walda ne kuma tsohon ɗan ɗaga ƙarfe. Akwai kuma Allen Joe, mai gina jiki, wanda ya yi horo a gidan motsa jikin Ed Yarick, inda Steve Reeves jarumin Hercules ya fito. Su suka nuna masa yadda ake riƙe sandar ƙarfe. Sauran kuma karatu ne. Yana sayen mujallun gina jiki yana yanke abin da ya yi masa, kuma laburarensa ya haura littafi 2,000.

Akwai wani kati da ya cike a gidan motsa jiki na Hak Keung a Hong Kong, mai kwanan wata 27 ga Mayu 1965, wanda har yanzu hotonsa yana yawo a intanet. Duk sanda na kalli katin nan sai na yi dariya, don irin namu ne sak. Tsugunno da ƙarfe a kafaɗa guda ɗaya ne a ciki, zagaye 3 na sau 10 da nauyin da bai wuce kilo 43 ba. Kusan duk sauran na dantse ne, gaba da baya da sangalin hannu. Wato shi ma da hannu ya fara, kamar kowane saurayi mai son riga ta matse shi.

Bambancinsa da mu shi ne bai tsaya nan ba. Yana rubuta komai, yana auna ƙirji da dantse da cinya, yana duba abin da ya ƙaru. Daga baya ya koma wani tsari gajere mai abubuwa shida kacal, wanda John Little ya tattaro daga takardunsa a littafin The Art of Expressing the Human Body na 1998. Yana fizgo ƙarfe daga ƙasa zuwa kafaɗa ya tura shi sama da kai, zagaye 2 na sau 8. Sai tsugunno, zagaye 2 na sau 12. Sai ya kwanta a benci ya kai ƙarfe bayan kansa ya dawo da shi saman ƙirji, sau 8. Sai tura ƙarfe daga ƙirji a kwance, sau 6. Sai wani da Turawa ke kira gud monin, don kamar mai rusunawa ya gaida babba ake yi, ƙarfe a kafaɗa, a sunkuyo gaba a miƙe, sau 8. Na ƙarshe lanƙwasa hannu don dantse, sau 8. Kowanne zagaye biyu, kwana uku a mako, Talata da Alhamis da Asabar. Shi ke nan.

Ku lura da hikimar. Biyar cikin shida manyan motsi ne da ke haɗa gaɓoɓi da yawa lokaci guda, cinya da ƙugu da baya da kafaɗa, don naushi daga ƙasa yake tasowa, ba daga dantse ba. Zagaye biyu kuma ya yi kaɗan ga mai son ya zama ƙato, amma shi ba ƙarfe ne kaɗai aikinsa ba. Yana gudun kilomita da dama, yana tsallen igiya, yana tuƙa keken tsaye, yana dukan buhu, yana koyar da ɗalibai. Da ya ɗauki tsarin masu gina jiki yadda yake a mujalla, da bai samu ƙarfin yin sauran ba. Tsoka ba a lokacin ɗagawa take girma ba, a lokacin hutu da barci da abinci take girma, shi ya sa ya bar kwana ɗaya tsakani. Kuma abin ya yi aiki. Da wannan horo da abin sha mai furotin da yake haɗawa, nauyinsa ya haura kilo 70.

Nan ne wurin da ya fi burge ni a duk rayuwarsa. Ya samu abin da kowa ke nema, sai ya ga ba ya so. Ya ji nauyin yana rage masa sauri, sai ya sauke shi da gangan, ya dawo ƙasa, ya mai da hankali kan tsokar ciki da sangalin hannu da ƙarfin riƙo. Har na'urori na musamman abokinsa George Lee, wanda makanikin injina ne, ya riƙa ƙera masa don horon da babu kayansa a kasuwa. Irin wannan tunanin ne ya kai shi ga salon da ya sa wa suna Jeet Kune Do a 1967: ya ɗebo daga dambe, ya ɗebo daga wasan takobi, ya watsar da abin da bai yi masa amfani ba. Yadda ya yi da faɗa haka ya yi da ƙarfe.

A harkar fim kuwa Hollywood ba ta yi masa adalci ba. Ya fito a matsayin Kato a The Green Hornet daga 1966 zuwa 1967, kashi 26 aka yi aka tsayar. Sai ya koma koyar da manya irin su Steve McQueen da James Coburn da Kareem Abdul-Jabbar, yana samun ƙananan rawa nan da can, ga mata da yara biyu, Brandon da Shannon, ga bashin gida.

Ana cikin wannan matsin ne, a watan Agusta 1970, ya ɗora ƙarfe mai nauyin da ya kusa kai na jikinsa a kafaɗa, ya fara gud monin ba tare da ya ɗumama jiki ba. Wanda bai taɓa yi ba zai ga kamar abu mai sauƙi. Amma idan ka sunkuya, nauyin yana can nesa a kafaɗa, ƙugu ne ke ɗauke da komai, kamar ka riƙe bokitin ruwa a ƙarshen doguwar sanda. In tsokar ba ta yi ɗumi ba, ko baya ya ɗan lanƙwashe, to an samu matsala. Ya ji wa jijiyar ƙasan ƙashin bayansa rauni, likitoci suka sa shi kwanciya, kuma ba su ba shi tabbacin zai sake yin shuri kamar da ba. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya na minti biyar ya kwashe kusan wata shida ba horo. A kwancen nan ya cika littattafan rubutu da tunaninsa kan faɗa, waɗanda bayan rasuwarsa aka tace aka buga a 1975 da sunan Tao of Jeet Kune Do.

To, ni ma a nan tawa ta same ni. Na ga tsarin nan na abubuwa shida a waya, na ce tunda na Burusli ne ai magana ta ƙare. Ban karanta labarin 1970 ba. Wata safiya lokacin sanyi na fito daga barci kai tsaye na ɗora simintinmu a wuya, wanda ko nauyin ɓangarorinsa biyu bai zo ɗaya ba, na sunkuya. A na huɗu na ji wani abu ya tsarga min daga ƙugu har cinya. Mako uku ina sallah a zaune. Mahaifiyata kullum sai ta tambaye ni ko ɗan Chanan da nake kwaikwayo zai zo ya biya kuɗin magani. Na kwafi takardar mutum, ban kwafi abin da ya sa ya rubuta ta ba, kuma na zaɓi daidai abin da ya kwantar da shi.

Shi dai ya tashi. Ya dawo horo a hankali, amma ciwon bayan bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Wannan yana nufin duk finafinan da muka san shi da su, da wannan bayan ya yi su. A 1971 Raymond Chow na kamfanin Golden Harvest ya ɗauke shi, aka je Tailan aka yi The Big Boss, ya karya tarihin ciniki a Hong Kong. Fist of Fury na 1972 ya karya wancan. Sai Way of the Dragon, wanda shi ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma fito, inda suka gwabza da Chuck Norris a Rum. Ni a ganina wannan faɗan ya fi duk na Enter the Dragon, kuma ku sake kallonsa ku ga yadda su biyun suka tsaya suna miƙa jiki kafin a fara. Ban taɓa kallon wurin nan ban tuna bayansa ba.

Da aiki ya yi masa yawa, sai ya sake sauya tsari. A ƙarshen 1972 aka kawo masa wata babbar na'urar motsa jiki ta kamfanin Marcy zuwa gidansa na Hong Kong, mai tashoshi da yawa, yana tashi daga wannan ya faɗa wancan ba hutu, don ya haɗa ƙarfi da numfashi cikin ɗan lokaci. Jikin da muke gani a Enter the Dragon daga nan ya fito. Amma gaskiya idan ka kwatanta shi da na Way of the Dragon za ka ga ya rame sosai. Muna yara mun ɗauka nan ne ƙololuwar lafiya. Yanzu in na kalla, mutum nake gani da aiki ya cinye.

Ranar 10 ga Mayu 1973 ya yanke jiki ya faɗi a situdiyon Golden Harvest ana ɗora murya, likitoci suka gano kumburin ƙwaƙwalwa. Ya farfaɗo ya koma aiki. Ranar 20 ga Yuli 1973, a gidan jaruma Betty Ting Pei, ya yi kukan ciwon kai, ya sha maganin Equagesic, ya kwanta, bai tashi ba. Shekararsa 32. Binciken hukuma ya danganta mutuwar da kumburin ƙwaƙwalwa sakamakon yadda jikinsa ya karɓi maganin. An binne shi a maƙabartar Lake View ta Seattle, kuma Enter the Dragon ya fita a Amurka bayan wata ɗaya. Game of Death, mai rigar nan ruwan ɗorawa, bai gama shi ba. Brandon, wanda ya rasu a 1993 wurin ɗaukar fim ɗin The Crow, yana kwance a gefensa.

Ni har yanzu ina ɗaga ƙarfe, Talata da Alhamis da Asabar, amma na bar siminti, na koma ƙarfen da aka auna. Na cire gud monin gaba ɗaya, na ƙara zagaye ɗaya a tsugunno tunda ni ba na dukan buhu kuma ba ni da ɗalibai, ina yin minti goma na tsallen igiya kafin na taɓa komai. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta nauyi da kwanan wata. Wanda bai kalli Way of the Dragon ba ya nema a ƙarshen makon nan, sai mu yi gardamar ko Chuck Norris ya cancanci ya sha kaye.