Olowe na Ise, Masassaƙin Sarakunan Ekiti

Jama'armu da ke zirga-zirgar kasuwanci tsakanin Akure da Ado sun san Ikere, amma kaɗan ne suka san labarin ƙyauren fadarta da mutumin da ya sassaƙa shi. Sunansa Olowe. An haife shi a Efon-Alaye wajen shekarar 1873, ya tashi a garin Ise yana ɗan aike a fadar sarkin garin, wato Arinjale. A nan hannunsa ya faɗa da gizago, har sarakunan ƙasar Ekiti suka riƙa aikowa a kai musu shi, ya tafi da yaransa su zauna har aiki ya ƙare.

Sauran masassaƙa kan bar mutanen da suka zana kwance a jikin katako. Shi kuwa sai ya yi ta rarake icen har mutum ya taso, kai da kafaɗa a waje, kamar zai sauko ya gaishe ka. Mu dai addini bai yarje mana ajiye siffofi a gida ba, amma wanda ya taɓa sa a sassaƙa masa turmi ko allo ya san gwani in ya gan shi.

Ogoga, sarkin Ikere, ya sa shi ya yi wa fada ƙyaure da ginshiƙai. A jikin ƙyauren ga sarki zaune bisa karaga, uwargidansa tsaye a bayansa, ga kuma Kyaftin Ambrose, Baturen mulki, 'yan dako sun ɗauko shi ya zo gaisuwa. A 1924 aka ari ƙyauren nan zuwa baje kolin Wembley a Landan. Turawa suka gani suka ƙyasa. Aka daidaita, gidan tarihin Biritaniya ya riƙe ƙyaure, aka aiko wa Ogoga kujerar sarauta ƙirar Ingila.

To, ni ɗan kasuwa ne, kuma a ganina an yi faɗuwa a cinikin nan. Kujera ko yau kafinta zai yi wata. Sa'ar da aka ci ita ce Olowe na da rai, ya sassaƙa wa fada wani ƙyauren.

Ya rasu wajen 1938. Ɗaya daga ginshiƙan fadar Ikere yanzu yana Shikago ta Amurka, kuma a 1998 aka tara ayyukansa aka baje su da sunansa a birnin Washinton.