Tuna baya: Bello Kagara, alƙalin da ya ƙagi jarumin da ya yaƙi Turawa

An haifi Muhammadu Bello Kagara a shekarar 1890, a gidan ilimi da shari'a. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, shi ne ya yi alƙalancin Kagara, a ƙasar da take cikin Jihar Neja a yau. Bello ya tashi ne a daidai lokacin da daular Usmaniyya ke fuskantar guguwar da ta kawo ƙarshenta.

Yana ɗan shekara goma sha ɗaya sojojin Lugga suka ci Kwantagora a 1901. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice da jama'arsa ya nufi ƙasar Zazzau, kuma iyalan Malam Shehu suna cikin waɗanda suka yi wannan gudun hijira. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, sannan a watan Yulin shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Abin da 'yan baya suka karanta a littafin tarihi, shi Bello da ƙafarsa ya taka wani sashe nasa.

Da ƙura ta lafa, yaron da ya guje wa Turawa sai ga shi a makarantarsu ta Nasarawa a Kano, wadda Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. Daga nan ya kama koyarwa, har ya zama malamin Larabci da addini a Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ƙanen Bello ne, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, sai kuma Ganɗoki na Bello Kagara. A cikin biyar ɗin, Ganɗoki kaɗai ya tunkari zuwan Turawa gaba da gaba.

Jarumin littafin barden Kwantagora ne mai kirari da cika baki, wanda ba ya juya wa maza baya. Da bakinsa yake ba da labarin karon da aka yi da Nasara a ƙasar Nufe da Kwantagora, har zuwa hijirar da aka yi gabas. Wannan sashe na farko ya ginu a kan garuruwa da sarakuna na gaskiya. Amma da takobi ya kasa bindiga, sai marubucin ya sauya akala: aljanu suka ɗauke Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare zuwa ƙasashen gabas masu nisa, inda suke cin yaƙi bayan yaƙi. Nasarar da tarihi ya hana shi a gida, almara ta ba shi ita a waje. A ƙarshe ya komo ya tarar da ƙasa ta canza, ga makarantu ga sababbin abubuwan zamani, ya kuma karɓi lamarin yadda ya same shi.

Darajar wannan tsari tana ƙara fitowa idan aka ajiye shi kusa da abin da ya faru a Filifin, ƙasar da Sifaniya ta mulka fiye da shekara 300. A can, likitan ido José Rizal ya buga Noli Me Tángere a Balin a 1887, sannan El Filibusterismo a 1891. Mugun labarinsa ba ɓoyayye ba ne: Fada Damaso, limamin coci mai danniya da girman kai. Jaruminsa, Ibarra, ya dawo daga Turai da burin gina makaranta, aka ƙulla masa sharri, sai ya sake bayyana a littafi na biyu da sunan Simoun, yana neman fansa. Hukuma ta gane kanta a cikin labarin. Ranar 30 ga Disamba 1896 aka harbe Rizal a Manila yana ɗan shekara 35, kuma tun 1956 doka ta wajabta karanta littattafansa a makarantun ƙasar.

Bello Kagara bai bi wannan hanya ba, kuma halin da ya sami kansa ya bambanta. Rizal ya buga nasa a ƙetare, nesa da idon gwamna. Shi kuwa Bello, Baturen gwamnati ne ya nemi rubutun, ya tace shi, ya buga shi domin makarantun gwamnati. Saboda haka littafinsa yana da jarumi, amma ba shi da mugu ɗaya da za a nuna da yatsa. Bature abokin gaba ne a fagen fama, daga baya kuma ya zama mai kawo tsari.

Shi ma jarumin ba a rasa abin cewa a kansa ba. Sarkin da Ganɗoki yake yi wa yaƙi, Nagwamatse, ya shahara da kai hare-haren kamun bayi a ƙasar Gwari da maƙwabtanta. Gwarzon wani, dodon wani ne. Mai karatu daga zuriyar waɗanda aka kama ba zai ji kirarin Ganɗoki yadda jikan barde zai ji shi ba.

Duk da haka, abin da Bello ya yi ba ƙarami ba ne. Shekara talatin kacal bayan Burmi, ya shigar da labarin turjiya cikin aji, da kuɗin waɗanda aka yi wa turjiyar. Yaran da ake koya wa cewa Turawa sun zo sun kawo zaman lafiya sun karanta cewa kakanninsu sun tsaya sun yi faɗa. Wasu manazarta na kallon ƙarshen littafin a matsayin miƙa wuya, wasu kuma na ganin shi ne kuɗin fiton da aka biya domin sauran labarin ya ƙetare.

Bayan koyarwa Bello ya koma fagen mahaifinsa, ya yi alƙalanci a Katsina, aka kuma naɗa shi Walin Katsina. Ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944. Shi kuma Allah Ya yi masa rasuwa a 1971, bayan ya ga zuwan Turawa ya kuma ga tafiyarsu.

Ma'aikacin da yake rubuta wa maigidansa takarda a yau ya san irin wannan tsaka mai wuya: akwai abin da za a faɗa, akwai kuma wanda zai sa hannu kafin ya fita. Bello Kagara ya yi aiki a cikin wannan iyaka, ya faɗi iya abin da ƙofa za ta bari ya wuce, kuma har yanzu ana karanta Ganɗoki. Allah Ya jiƙansa da rahama.